Amsa ga mai tambaya kan rabon ƙasar Farankawa

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko rashin wayo ne ya sa sarakunan Farankawa, mutanen da suka mulki yankin Faransa da wani sashen Jamus a zamanin da, suke raba ƙasa tsakanin 'ya'yansu kamar gonar gado. A fili ka yi tambaya, a fili zan amsa: ba rashin wayo ba ne.

Lokacin da Sarki Clovis ya rasu a shekarar 511, ya bar 'ya'ya maza huɗu. Babbansu, Theuderic, uwarsa daban, kuma ya riga ya ja runduna zuwa yaƙi. Sauran ukun 'ya'yan Sarauniya Clotilde ne. Wa za a hana? Duk wanda aka hana, da mayaƙansa zai tashi. Sai aka ba kowa birane da harajinsu, suka zauna a Reims da Orléans da Faris da Soissons. Kuma ba su daina ganin ƙasar a matsayin ta gida ɗaya ba, shi ya sa suka haɗa ƙarfi suka ci masarautar Burgundiya da ke maƙwabtaka da su a 534.

Amma kada ka ce na wanke su. Chlodomer, ɗan Clovis mai Orléans, ya mutu a fagen fama a 524, ya bar yara uku a hannun kakarsu Clotilde. Gregory, bishop ɗin Tours, ya ba da labarin cewa baffannin yaran, Childebert da Chlothar, sun aika wa tsohuwar almakashi da takobi, ta zaɓa. A gidan nan dogon gashi ne shaidar jinin sarauta, wanda aka aske ya fita daga layin gado. Cikin ɗimuwa ta ce gara ta gan su a mace da a aske. Chlothar ya kashe biyu da hannunsa, ɗan shekara goma da ɗan shekara bakwai. Na ukun, Clodoald, aka gudu da shi, daga baya ya aske kansa ya shiga bautar Allah. Wannan labari yana sosa mini rai ƙwarai, domin 'ya'yan ɗan'uwansu ne, kakarsu kuma da ranta.

Abin da nake so ka lura da shi, mutuwa ce ke haɗa ƙasar, ba dabara ba. Chlothar ya mallake ta duka a 558 saboda 'yan'uwansa sun ƙare, ya rasu a 561, 'ya'yansa huɗu suka sake rabawa. Sharlaman ma, babban sarkin Farankawa da ya zo bayan kimanin shekara ɗari biyu, da ƙanensa Carloman suka raba, sai Carloman ya rasu a 771. Sharlaman kansa ya tsara rabo a 806, amma ɗa ɗaya ne cikin magadan, Louis, ya kai 814 da rai.

Louis ne ya gwada abin da kake ganin wayo. A 817 ya fifita babban ɗansa Lothair a kan ƙannensa. Sai aka haifa masa Charles da wata matar a 823, ya nemar masa rabo, gida ya rikice. Bayan rasuwarsa 'yan'uwa suka zubar da jinin juna a Fontenoy a 841, sannan suka sasanta a Verdun a 843: Charles ya ɗauki yamma, ɗan'uwansa mai sunan ubansu Louis gabas, Lothair tsakiya har Italiya. Wannan na tsakiyar ma an kasa shi uku a 855.

Wassalam, naka.