A duba kuɗin likitocin ƙauye masu ba da magani a Ingila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina aikin kula da tsofaffi a wani ƙauye da ke gundumar Norfolk a Ingila. Dokar NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, a nan ta ba likitan unguwa damar ba da magani da kansa ga wanda gidansa ya yi nisan fiye da mil ɗaya da kantin magani. Gwamnati ce ke yanke kuɗin da za a biya shi kan kowane magani, sannan ta zaftare wani kaso daga kuɗin sayen maganin.

Wannan kuɗi ba aljihun likita kaɗai yake shiga ba. Da shi ake biyan matar da ke jera wa tsohuwar da nake kula da ita ƙwayoyinta na mako, kowace rana da gurbinta, don idanun tsohuwar sun yi rauni. Motar haya sau biyu take zuwa ƙauyenmu a yini. In aka rufe wurin ba da magani na likitan, wa zai kai baiwar Allah gari cikin sanyin Janairu?

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta daidaita kuɗin da tsadar albashi da wutar lantarki, ta kuma riƙa sanar da shi da wuri.

Wassalam,
Mai karatunku daga Norfolk