Jitar akwati: awo da katako ne sirrinta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da matasanmu na Kebbi masu ganin jitar akwati mai tsirkiya uku a waya, su yi ɗoki su haɗa tasu, bayan mako biyu wuyan ya lanƙwashe su jefar. Abin yana damuna, domin kuskuren da ke kashe musu gwiwa bai fi uku ba, kuma duk suna da magani.

Wannan jita ta fito ne daga talakawan Amurka, waɗanda ba su da kuɗin sayen ta kanti, sai suka riƙa amfani da akwatin katako da ake zuba manyan karan taba (cigar) a ciki. Akwai zanen shekarar 1876 da ke nuna soja a yaƙin basasarsu yana goga goge na irin wannan akwati. Mu ma dabarar ba baƙuwarmu ba ce: kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ai gwangwanin sardin ne aka rufe da fata. Don haka kada wani ya wahalar da kansa neman akwatin taba. Kowane kafinta zai haɗa maka akwati mai tsawon santimita 25, faɗi 20, zurfi 5. Gefuna su yi kauri kamar milimita 10, amma murfin ya zama falankin filawud siriri, milimita 3 ko 4, domin shi ne ke rawa ya fitar da sauti. Murfi mai kauri jita bebiya yake haifarwa.

Kuskure na farko a wuya yake. Tsirkiyoyin ƙarfe uku suna jan katako da nauyin da ya kusa kilo 30, dare da rana. Katako mai laushi irin su malaina ba ya jurewa. A nemi maɗaci ko marke da ya bushe sarai, tsawon santimita 90, faɗi 4, kauri 2, a ɗora ido a gefe guda a leƙa a tabbatar miƙaƙƙe ne. Ɗanyen katako da aka yanka da damina, da zarar hunturu ya buso sai ya murɗe ko ya tsage, kuma babu gyara.

Wuyan nan kuwa ba a jikin akwati ake kafa shi da ƙusa ba. Ratsa akwatin yake yi daga wannan gefe ya fita ta wancan, ya bar wutsiya ta santimita 5 da rabi a waje, inda za a ɗaure tsirkiya. Ta haka katakon ne ke ɗaukar nauyi, akwati aikinsa amo kawai. A sashen da ya shiga ciki, a sassaƙe samansa daidai kaurin murfin don su yi daidai wa daida, sannan a ƙara rage milimita 3 a tsakiya, a bar shi yana taɓa murfin a bakin akwati biyu kaɗai. In katakon ya manne da murfin gaba ɗaya, ya danne rawarsa ke nan. Sassaƙar tana raunana wurin, shi ya sa dole a manna wani guntun katako a ƙarƙashi da farin gam na kafinta, a matse, a bar shi ya kwana.

Na biyu shi ne awo, kuma a nan nake roƙon a riƙe tef da kyau. Santimita 13 na farko na kai ne, wurin kunnuwan murɗa tsirkiya, a rage kaurinsa zuwa milimita 15 don kunnuwan su ratsa. A ƙarshen kan a gitta ƙusa mai noti ta zama matashin tsirkiya, zaren jikinta zai hana su zamewa. Daga wannan ƙusa zuwa jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kan murfi, santimita 63.5 cif. Jakin zai faɗo wajen santimita 8 daga ƙarshen akwati ta ɓangaren wutsiya. Kada a manna shi da gam, nauyin tsirkiya ya isa ya riƙe shi, kuma za a so a ɗan matsar da shi nan gaba.

A aikin farko ban ba da shawarar a kafa ƙarafan nan da ake gittawa a wuyan jita, inda ake danna tsirkiya, ba, kuskuren milimita ɗaya yana ɓata murya. A zana layuka kawai. Daga matashi a auna milimita 101, sai 159, sai 211, sai 317.5. Su ne matsayi na 3, na 5, na 7 da na 12, kuma sun isa a fara. Ana kaɗa ta da wuyan kwalba da aka goge bakinsa da samfefa, ko guntun bututun ƙarfe, a zura a yatsa ana zamewa a kan tsirkiya, daidai saman layi, ba tare da an danna har katako ba. Tsirkiya ta tashi milimita 3 a wajen matashi, 5 ko 6 a layi na 12. In sautin layi na 12 bai zama ninkin na sakakkiyar tsirkiya ba, wato sauti iri ɗaya amma mafi siriri, jaki ne ya kauce.

Tsirkiya mafi kyau ita ce ta 5, ta 4 da ta 3 daga saitin jita mai tsirkiya shida, a saita su a kan sautukan G, D, G da manhajar saita sauti ta waya, tazarar milimita 12 a tsakani. Wanda bai samu ba, zaren roban kamun kifi da masunta ke saye a Argungu da Yawuri zai yi, kauri uku daban-daban, sai dai muryarsa ƙasa-ƙasa ce kuma yana kwanaki yana miƙewa kafin ya tsaya. A kawar da fuska gefe lokacin ɗaurewa, tsirkiyar ƙarfe in ta tsinke ido take nema.

Kuskure na uku ƙarami ne amma yana ɓata rai: tsirkiya tana cin katakon wutsiya a hankali, saiti ya yi ta sauka mutum bai san dalili ba. A zura notin sufok na keke a kowane rami kafin a zura tsirkiya. Ramin fitar sauti kuma biyu sun isa, faɗin santimita 2.5, a kusurwoyin murfi nesa da jaki. Mai son ya jona da lasifika ya manna ɗan faifan fiyezo, wato ɗan faifan ƙarfe mai ɗaukar rawar murfi ya mayar da ita sautin lantarki, a cikin murfin kusa da jaki, ya lulluɓe shi da soso don rage ƙugi.

Ina kira ga malaman aikin katako a makarantun fasaha na jiharmu su sa wannan cikin ayyukan ɗalibai, domin awo, yanka, haɗi da gogewa duk suna cikinsa, kuma ragowar katakon shago ya ishe shi.

Naka,
Kafinta mai sha'awar kayan kiɗa,
Argungu, Jihar Kebbi.