Wasiƙar makaranta zuwa ga iyaye: abin da yaranku suka gano a Elmina

Assalamu alaikum wa rahmatullah iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi da duk mai riƙon yaro a makarantar nan. Ya kasuwa, ya fama da jama'a, Allah ya ƙara rufa asiri.

Wasiƙar wannan karon kusan dukanta a kan tafiyar da muka yi da 'yan JHS, wato ƙaramar sakandare, daga Kumasi zuwa Elmina a bakin tekun Gana ne, don tun da muka dawo iyaye ke tare mu a bakin get, wai Malam me kuka nuna wa yaran nan ne, wance ta dawo ta yi shiru kwana biyu, wane kuma ya ishe Baabansa da tambaya har ana cin tuwo bai bari ba. Toh gara mu rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Alhamdulillahi mun je lafiya mun dawo lafiya, banda amai da 'yan kaɗan suka yi a mota babu wanda ko ƙwarzane ya samu.

Bayan asuba muka bar Aboabo, muka bi Anwiankwanta da Fomena muka gangara. A Assin Praso muka sa direba ya rage gudu a kan gada don yara su ga kogin Pra, wanda a da shi ne iyaka tsakanin ƙasar Asante da ɓangaren da Turawan Ingila ke riƙe da shi, nan sojojinsu suka ƙetare a farkon 1874 suka nufo Kumasi. Yaran dai ba tarihin ne ya dame su ba, launin ruwan ne, ya koma jajir da laka saboda galamsey, wato haƙar zinariya ta bayan fage, har wata yarinya ta ce Malam wannan mutane ke sha? Ban da abin ce mata sai Allah ya kyauta.

Mun tsaya a Assin Manso, kuma ina roƙon ku riƙe sunan garin nan don zan dawo kansa. Akwai rafi a can inda ake tsayar da bayin da aka koro daga arewa a ƙafa, a yi musu wankan ƙarshe a shafa musu mai a ware masu ƙarfi, kafin a ƙarasa da su bakin teku. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Jamaika ɗaya daga Amurka, aka sake binne su a wurin. Tun daga nan surutu ya ragu a motar.

Elmina kam tun kafin ka ga garin hancinka zai gaya maka ka iso, ƙarnin kifi da hayaƙi da gishiri. Tana gaba da Kep Kos kaɗan ta yamma, mutanen garin Fanti ne suna ce mata Edina. Babban gidan nan fari da kuke gani a hoto 'yan Fotugal suka gina shi a 1482, har dutsen da aka sassaƙa suka ɗauko a jirgi daga ƙasarsu, kuma shi ne ginin Turawa mafi daɗewa a Afirka kudu da Sahara. Abin da yaran da yawa ba su sani ba, ba don bayi aka fara gina shi ba, zinariya suka zo nema. Fatake Wangarawa, Musulmi irinmu, suna cikin masu saukowa da ita daga cikin ƙasa su karɓi yadi da tagulla. Sai daga baya da aka buɗe gonakin rake a Burazil da tsibiran Karibiyan ne kasuwar ta juya, ɗakunan da aka yi don ajiyar kaya suka koma ɗakunan ajiye mutane. A 1637 'yan Holan suka hau dutsen da ke fuskantar gidan suka girke igwa suka yi ta ruwan wuta har 'yan Fotugal suka miƙa wuya, daga nan suka gina wani ƙaramin sansani a kan dutsen don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi, yana nan har yau ana hawa. Su suka riƙe gidan har 1872 da suka miƙa wa Ingila. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 1979 tare da sauran irinsa na bakin tekun Gana.

Wannan duk yaro zai iya haddacewa a aji ya rubuta a jarrabawar BECE ya wuce. Abin da aji ba ya bayarwa shi ne tsayuwa cikin kurkukun matan. Ɗaki ne na dutse, ƙasa danshi, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa, kuma har yanzu akwai wani wari da ya kama bangon wanda ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mai yi mana bayani ya fito da mu tsakar gidan ya ce mu ɗaga kai, sai ga barandar gwamna daidai saman mu, daga nan yake leƙowa ya zaɓi wadda yake so a wanke ta a haura masa da ita ta wani matakalar katako. Wadda ta ƙi a ɗaure ƙafarta da ƙwallon igwa a bar ta cikin rana, ƙwallon na nan a ƙasa, yara maza biyu suka gwada ɗagawa da ƙyar ya motsa. Akwai kuma ɗakin da aka zana ƙoƙon kai a saman ƙofarsa, na waɗanda suka yi tawaye, ba taga ba abinci ba ruwa. Ya shigar da mu ya tura ƙofa na ɗan lokaci kaɗan, wallahi har malamai sai da muka ji a jikinmu, wata daga cikin 'yan matan ta riƙe mayafin Malamarsu tana salati. Ƙofar ƙarshe wadda ake fitar da mutane zuwa jirgi kuwa ƙanƙanuwa ce, sai mutum ya karkace ya bi ta gefe, kuma idan ka leƙa ta cikinta yau kwale-kwalen masunta za ka gani suna ta harkarsu.

To ga inda maganar take. Wani yaro ɗan aji uku, ba zan faɗi sunansa ba amma mahaifinsa ya san kansa don shi ake ta yi wa tambayar a gida, ya ɗaga hannu ya ce su Turawan nan su suke shiga daji su kamo mutanen? Mai bayanin ya ce a'a, yawanci kawo musu ake yi. Yaron ya ce wa ke kawowa? Nan fa aka yi ɗan jim. Ni a ganina tambayar nan ta fi duk kuɗin motar da kuka biya, kuma bai kamata mu ba yaranmu rabin amsa ba. Yaƙe-yaƙe tsakanin masarautu su ke samar da bayi, Asante na karɓar bayi a matsayin gandu daga Gonja da Dagomba, kuma babbar kasuwar da ake hada-hadar a arewa ita ce Salaga, garin da kakannin da yawa daga cikinmu suka zauna suna fataucin goro tsakanin Gonja da Kano. Ayarin da ke kawo kanwa da fata da tufafi yakan zo da mutane ma. Wanda ya taɓa zuwa Salaga ya san har yau akwai wurin da ake kira Wankan Bayi da Rafin Angulu, da Hausa ake kiransu ba da wani yare ba. Hanyar da ta taso daga can ta ratsa Kumasi ta bi Assin Manso, ita ce dai muka bi a bas da biskit a hannu. Cikin zangon nan namu akwai jikokin masu saye akwai jikokin waɗanda aka sayar, mun haɗu mun yi aure mun zama dangi ɗaya, shi ya sa ba mu so yaro ya dawo da tunanin wai tarihin Fanti da Turawa ne ya je kallo. Kuma dan Allah a daina zagin nan na ɗan bawa da ake jefa wa yara in an yi faɗa, mun ji shi a filin makaranta kuma ba daga littafi suka koyo ba.

Akwai wani abu kuma da ya ba su mamaki, bayan an hana cinikin bayi 'yan Holan sun ɗebi mutane kusan 3000 daga Elmina tsakanin 1831 da 1872 suka kai su aikin soja a Indonesiya, da yawansu 'yan arewa ne da aka fanso daga hannun Asante, waɗanda suka dawo suka zauna a unguwar da ake kira dutsen Java a cikin garin.

A saman bene aka nuna mana ɗakin da aka tsare Asantehene, wato Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya bayan Turawa sun kama shi a Kumasi a 1896. Nan yaranmu suka farfaɗo don sunan da suka sani ne. Daga Elmina aka wuce da shi Saliyo, daga can tsibirin Seshel a 1900, bai sake taka Kumasi ba sai 1924. Shi kansa miƙa gidan da aka yi wa Ingila a 1872 na cikin abin da ya haddasa yaƙi, don Asante na ganin Elmina ƙawarsu ce kuma 'yan Holan na biyansu kuɗi duk shekara a kan gidan, sai ga shi an bayar ba da yardarsu ba. Mutanen garin da suka ƙi bin Ingila aka yi musu luguden igwa a watan Yuni 1873 aka ƙone tsohon garin ƙurmus, filin nan da ke gaban gidan inda muka shimfiɗa tabarma muka ci waakye, wato shinkafa da wake, da gidajen mutane ne. Shekara ta zagayo aka ƙone Kumasi ita ma, kuma cikin rundunar Turawan akwai sojojin Hausa, wannan ma mun gaya musu.

Da muka fito muka hau gadar da ke kan bakin tafkin Benya, kai jama'a. Kwale-kwale ne jere rututu ba ka ganin ruwa, kowanne an sassaƙa gindinsa daga gungume guda na itacen da ake kira wawa an yi masa fenti da tutoci, wannan tutar Jamus wancan ta ƙungiyar ƙwallo, wani an rubuta aya daga Baibul. Samari na tsalle cikin ruwa suna fito da kifi a manyan kwanonin silba a ka, mata na jira a bakin gaɓa, kuma su matan nan su ne masu kasuwar, su ke yanka farashi, wasu ma su ke ba masunta kuɗin man inji su karɓi kifi a madadi. Hajiyoyinmu masu sayar da busasshen kifi a Kejetia da Asawase, ga inda kayanku ke fitowa, mun kai yara bayan kasuwa sun ga murhun laka da ake jera faifan waya a kai hawa-hawa ana banda ƙananan kifin nan da ake kira amane, wata uwa tana juya su ɗaya bayan ɗaya da hannu idonta na hawaye don hayaƙi, ta ɓare ɗaya mai zafi ta miƙa wa 'yan matan suka yi ta rabo. Can gaba akwai filayen da ake tare ruwan tafki rana ta shanye shi a kwashe gishiri. Ranar Talata ba a fita teku a garin, ranar gyaran koma ce da hutawa, don haka duk mai niyyar kai iyalinsa ya kauce mata in yana son ganin kasuwa a cike. Bikinsu na Bakatue kuma Talatar farko ta watan Yuli ake yi.

Azahar da la'asar mun haɗa mun yi ƙasaru a masallacin zango a Kep Kos, yaran sun koyi wannan ma a aikace. A mahaɗar Yamoransa kusan kowa ya sauka sayen dokunun Fanti, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganyen ayaba, in ɗanku bai kawo muku ba to ya cinye a hanya ne.

Abu ɗaya bai mana daɗi ba. 'Yan mata da dama an biya musu kuɗi, daren tafiya aka ce ba za su ba, wai teku na jan mutane, wai mace ba ta tafiya mai nisa. Malamai mata huɗu ne a motar, ba wanda ya taɓa ruwa ko da ƙafa, kuma jarrabawa ɗaya za su zauna da mazan. Wanda ke da damuwa ya zo ofis tun da wuri mu zauna, ya fi a bar yarinya ta yi wanka ta shirya jaka tana kuka a zaure. Kuɗinsu na nan, za a maido ta MoMo ko a zo a karɓa.

Mun ba kowane yaro aiki, har waɗanda ba su je ba: ya zauna da Kaka ko wani dattijo a gida ya tambaya daga ina gidanku ya taso, ta wace hanya aka iso Kumasi, goro ne ya kawo su ko soja ko karatu ko shanu, ya rubuta shafi biyu da Turanci ko Hausa ko ajami, duk muna karɓa. Dan Allah kar a kore su, kuma in akwai abin da gida ba ya so a karanta a gaban aji a gaya wa malamin ajin, zai tsaya a hannunsa. Ranar Litinin ta sama za a kawo.

Akwai kula biyu na abinci da takalmi ƙafa ɗaya da aka bari a mota suna ofis. Taron PTA na nan ranar Lahadi bayan la'asar, za mu nuna hotunan tafiyar, sannan a tattauna maganar rufin ajin 'yan firamare huɗu kafin ruwa ya sauka, iyaye maza dan Allah a zo, kar a sake bar wa mata su kaɗai.

Wassalam,
Shugaban makaranta, a madadin malamai