Koyarwar Gwaji a Ɗakin Jarirai: A Daina Auna Ta da Mudun Ajin Firamare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana kan wani ɓangare na horar da malamai da ba kasafai ake waiwayarsa ba, wato koyarwar gwaji da ake tura ɗalibai masu nazarin ilimin ƙananan yara su yi a gidajen reno, musamman a ɗakin jarirai da na masu tatata, daga haihuwa zuwa shekara 3.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake ɗauko tsarin da aka yi wa ajin firamare a ɗora wa ɗakin jarirai. Ɗaliba ta rubuta tsarin darasi mai gabatarwa da matakai da kammalawa. Malami mai dubawa ya zo sau ɗaya ko biyu, ya zauna a kujera da takardar maki, ya ce ta gabatar da darasi na minti 30, ya ba ta maki a kan riƙe aji da amfani da kayan koyarwa, ya tafi. To, ɗan wata 8 ba ya zama a yi masa darasi. Sai ka ga ɗaliba ta jera yara tana ta waƙa tana ɗaga katin hotuna, biyu suna kuka, ɗaya ya rarrafa ya bar wurin, wani kuma kunzugunsa ya jiƙe tun ɗazu ba wanda ya lura. Ko ta ci ko ta faɗi, ba a kan ainihin aikin aka auna ta ba.

A wannan ɗaki manhajar ita ce canjin kunzugu, da ciyarwa, da kwantarwa, da rarrashi, da karɓar yaro daga hannun uwarsa da safe. Likitar yara Emmi Pikler, wadda ta jagoranci gidan reno na Lóczy a birnin Budafes na ƙasar Hangari tun daga 1946, a kan wannan ta gina aikinta: a gaya wa jariri abin da za a yi masa, a jira ya amsa da jikinsa, sannan a taɓa shi. Ɗalibarta Magda Gerber ta kai wannan tunani Amurka. Lissafin ma a bayyane yake. Mai reno da ke riƙe da jarirai 3, idan ta canja wa kowanne kunzugu sau 4 a wuni, minti 5 kowane canji, ta sami awa guda cur tana fuska da fuska da yaro ɗaya a lokaci guda. Babu wani darasin katin hotuna da zai ba ta wannan.

Saboda haka canjin kunzugu shi ne wurin da ya fi kamata mai dubawa ya tsaya ya zuba ido. Ya ga ko ɗaliba ta tattaro komai kusa da hannu kafin ta ɗauko yaron: sabon kunzugu, abin gogewa, safar hannu, leda, kayan canji. Ya ga ko hannunta ɗaya yana kan yaron daga farko har ƙarshe. Faɗuwa daga teburin canji takan fara ne daga mantuwa. An manta abu ɗaya, an juya baya a ɗauko, shi kuwa jariri daga wajen wata 4 zuwa 6 yana iya birkicewa ba zato. Ya ga ko daga gaba zuwa baya take gogewa, musamman ga 'ya mace, don kada ƙazanta ta shiga mafitsara. Ya ga ko ta cire safar hannun da ta ɓaci kafin ta taɓa sabon kunzugu da rigar yaro. Ta irin wannan kuskure gudawa ke zagaye ɗaki. Sai a wanke hannun yaron shi ma, a mayar da shi wurin wasa, a wanke teburin sannan a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya yi lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, ta wanke hannunta da sabulu na daƙiƙa 20, ta rubuta lokaci da abin da ta gani. A cikin duk wannan, mai dubawa ya saurara: tana yi wa yaron magana, ko da abokiyar aikinta take hira ta saman kansa? Idan yaron ya yi gwaranci, tana dakatawa ta amsa masa? Wannan musayar ta kai-da-kawo ita ce masana ci gaban yara na Jami'ar Harvard suka nuna tana gina ƙwaƙwalwa, a shekarun da ƙwaƙwalwar ke ƙulla fiye da mahaɗai miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa.

Haɗa madara ma ba a koyon sa da kallo kawai. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2007 ta ce a tafasa ruwa, a haɗa madarar gari da shi kafin zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 70, domin garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, yana iya ɗauke da irin su Salmonella da Cronobacter. Ruwa ake fara zubawa a fida, sannan garin, da cokalin da ya zo a gwangwanin, a share samansa daidai ba tare da dannawa ba. A sanyaya, a ɗiga a bayan hannu a ji, abin da ya rage bayan awa 2 a zubar. Ɗaliba mai tausayi takan ƙara cokali ɗaya wai don yaro ya ƙoshi, ba ta san tana ɗora wa ƙodarsa nauyi tana kuma jawo masa ƙarancin ruwa a jiki ba. Wata kuma ta tsinka madarar, yaro ya yi ta sha ba ya ƙara nauyi. Nonon da uwa ta tatso ta kawo, a rubuta sunan yaro da lokaci a jikinsa, kada ya wuce awa 4 a waje ba sanyi. Ba a jingina wa jariri fida da matashi a tafi wani aiki. Ba a ba wanda bai kai shekara ɗaya zuma.

Akwai abubuwan da bai kamata a bari sai an je wurin aiki sannan a koye su ba. Kafin ƙafar ɗaliba ta taka ɗakin, makarantarta ta tabbatar ta gwada taimakon gaggawa da hannunta a kan 'yar tsanar horo. Jaririn da bai kai shekara ba idan ya shaƙe har ya kasa kuka ko tari, kifa shi ake yi a kan hannu, kansa ƙasa, a buga bayansa tsakanin kafaɗu sau 5, a juyo shi a danna ƙirji sau 5. Ba a matsa cikinsa, ba a kuma cusa yatsa a baki ana lalube. Ta san cewa zafin jiki na digiri 38 ga wanda bai kai wata 3 ba maganar asibiti ce nan take. Ta san ba a jijjiga jariri komai tsananin kukansa, domin jijjiga tana fasa jijiyoyin jini a cikin kai; idan ta ji haƙurinta ya kusa ƙarewa ta ajiye shi a gadonsa ta kira wani. Ta kuma san kwanciya: a rigingine, a kan katifa mai tauri da ta cika gadon, ba matashi, ba bargo mai kauri, ba kayan wasa. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta hana kifa jarirai a barci. Haɗarin ya fi tsanani ga jaririn da ya saba barci a rigingine a gida, aka zo gidan reno sabon hannu ya kifa shi. Sabon hannun nan kuwa yana iya zama ɗaliba.

Muna so mu ja hankalin masu gidajen reno kan wani abu: ɗaliba ba ma'aikaciyar kyauta ba ce. A Ingila doka ta ce babba ɗaya ga yara 3 'yan ƙasa da shekara 2, sannan babba ɗaya ga yara 5 'yan shekara 2 tun Satumba 2023, a da 4 ne. Ƙungiyar masu ilimin ƙananan yara ta Amurka, NAEYC, ta tsaya a kan babba ɗaya ga jarirai 4, kada kuma ɗakin ya wuce jarirai 8. A ra'ayinmu, duk adadin da wuri ke bi, a cika shi da ma'aikata tukuna, ɗaliba ta zama ƙari. Da zarar an lissafa ta cikin ma'aikata, horo ya ƙare: uwar ɗaki, wato ma'aikaciyar da ke riƙe da ɗakin, wadda ya kamata ta tsaya kusa da ita, tana can da nata yaran, ita kuma tana koyon yadda za ta gama aiki da sauri, ba yadda za ta yi shi daidai ba. Kada a bar ta ita kaɗai da yara, kada ta ba da magani, kada ta miƙa yaro ga wanda ya zo ɗauka.

Shigarta cikin aikin ma daki-daki ya kamata ya kasance. Makon farko ta zauna a ƙasa, a gefe, ta kalla ta rubuta, ta bari yaran su zo wurinta da kansu. Daga wajen wata 7 zuwa 9 jarirai kan fara ƙiwa, baƙuwar fuska da ta sure su ba sallama firgita su take yi. Mako na biyu da na uku ta riƙa miƙo kaya tana yin wani sashe na aikin, uwar ɗaki na tsaye. Daga nan a ba ta yaro ɗaya da za ta sani ciki da waje, irin tsarin da masaniyar renon yara Elinor Goldschmied ta yi fice da shi a Ingila: alamar yunwarsa, yadda yake son a riƙe shi, abin da ke kwantar masa da hankali. Sai ta ƙware a kan ɗaya a ƙara mata na biyu. Wannan ba ya yiwuwa a mako 2 ko 3. Muna ganin kada zaman ya gaza mako 8 a jere a ɗaki ɗaya. Juya ɗalibai daga ɗaki zuwa ɗaki kowane mako, wai don su ga komai, yaran yake cutarwa, su kuma ɗaliban ba sa ganin komai ya kai ƙarshe.

Shi kuwa malami mai dubawa, ya zo lokacin da ake kawo yara da safe, ya zauna har a ci abinci a kwanta. Ma'aunin ITERS na duba ingancin ɗakin jarirai, wanda Thelma Harms da Debby Cryer da Richard Clifford suka fara fitarwa a 1990, awa 3 ake zama ana kallo kafin a ba da maki, ziyarar minti 30 ba za ta nuna komai ba. Ya lura da tsawon lokacin da yara ke yi a ɗaure a kujera. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada ya wuce awa guda a jere, jaririn da bai fara rarrafe ba ya sami aƙalla minti 30 a kan cikinsa yana farke a tsawon wuni, kuma ba kallon talabijin ko waya ga 'yan ƙasa da shekara 2. Ya lura da abin da ɗaliba ke yi idan mai tatata ya ciji ɗan'uwansa: ta fara da wanda aka ciza, ta ce wa mai cizon "a'a, cizo da zafi" a taƙaice, sannan ta nemi dalili, haƙori ne, gajiya ce, cunkoso ne, ko kuwa abin wasa ɗaya ne yara uku ke so. Tsawa da duka ba su da gurbi.

Ya kuma karanta littafin lurarta. "Yaron ya yi rigima yau" hukunci ne, ba lura ba. Lura ita ce: "Ƙarfe 10:15 ya miƙa hannu ga kofi, ya kalle ni, ya yi sauti sau biyu, da ban miƙa ba sai ya fashe da kuka." Daga irin wannan ne ake tsara abin da za a yi gobe. A ɓoye sunan yaro a rubutun da zai bar gidan renon, kuma ba ɗaukar hoto da wayar hannu.

A ranar ziyarar a zauna su uku, ɗaliba da uwar ɗaki da mai dubawa, ba a gaban iyaye ba, bayan an sami wadda za ta riƙe wa uwar ɗakin yaranta. A bar ɗaliba ta fara faɗin abin da ta gani a aikinta, a zaɓi gyara biyu kawai, a sa ranar da za a sake dubawa. Uwar ɗaki ta sami kaso mai nauyi a makin, domin ita ke ganin ɗalibar kullum; a kuma horar da ita, a ware mata aƙalla awa guda a mako don wannan aiki. Wasu kurakurai kuwa, kamar barin jariri shi kaɗai a kan teburin canji, ko kifa shi a barci, ko jijjiga shi, kada a bari makin wani fanni ya rufe su. A maimaita horon.

Makon ƙarshe na yaran ne. Ɗaliba ta riƙa mayar da ciyarwa da kwantarwa hannun uwar ɗaki kaɗan-kaɗan, ta rubuta mata duk abin da ta sani game da yaron da ta riƙe, a sanar da iyaye ranar tafiyarta tun da wuri, ita kuma ta yi wa yaron sallama da baki, kada ta sulale yana barci.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naku,
Wasu malamai masu horar da masu renon ƙananan yara