Likitanku ya tsallake lissafin da ke kan takardar awon jini

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Amsar da baƙonku ya ba baiwar Allah nan da ta bugo waya daga Marwa ta arewacin Kamaru a shirin lafiya na makon jiya ta ɓata mini rai ƙwarai. Ta ce maigidanta ba ya rabuwa da ciwon huhu da gudawa, an auna sida, wato ƙanjamau, ba a samu ba, an auna tarin fuka ba a samu ba, amma abin da likita ya iya ce mata shi ne a sake awon sida bayan wata uku. Mai gabatarwa ya yi godiya, aka wuce zuwa kira na gaba, alhali akwai tambayar da ta kamata a yi mata: me aka rubuta a takardun awon jinin da suka riga suka biya kuɗinsu?

Ƙanena tela ne a nan Garwa, kuma shekaru ya yi a cikin wannan hali. Da sanyi ya shigo sai tari mai kaki kore, sai kunne ya fara zubar da ruwa, a yi masa allurai ya miƙe, kafin ya gama ɗinkin da ya karɓa ya sake kwanciya. An yi ta maimaita masa awon sida har ya daina son shiga asibiti, dangi kuma suka soma kallon matarsa da wani ido, wasu suka ce sammu ne aka yi masa saboda kasuwarsa ta buɗe. Duk takardun awon nan yana tara su a cikin wata leda a ƙarƙashin keken ɗinkinsa. Ranar da muka kai shi Yawunde, wata likita ta zazzage ledar a kan teburinta, ta ɗauki biro, ta cire adadin albumin, wani nau'in furotin na jini, daga jimillar furotin ɗin jini a takardu daban-daban, ta ga ragowar ta yi ƙasa sosai a kowacce, har da waɗanda suka tsufa suka yi ja. Sannan ne aka auna sinadaran garkuwar jikinsa kai tsaye, aka tarar jikinsa ba ya ƙera su yadda ya kamata. Kafin nan cutar ta riga ta buɗa masa hanyoyin iska na huhu, kuma an gaya mana wannan ɓarna ba ta komawa.

Wannan ragowa ita ake kira gulobulin, kuma babban kaso nata shi ne sinadaran da jiki ke yaƙar ƙwayoyin cuta da su. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, kuma ba ya buƙatar ko sefa ɗaya a kan abin da majinyaci ya biya, matuƙar an auna furotin da albumin tare. A 2014 likitoci a birnin Kadif na yankin Wels a Birtaniya sun wallafa bincike a kan haka, inda suka ɗauki giram 18 a kowace lita a matsayin iyaka ga manya, suka ga mafi yawan waɗanda suka gaza wannan adadi garkuwarsu ta yi ƙasa da gaske. Ta wannan hanya har sun gano wasu masu sankarar ɓargo da ba a san suna da ita ba. Ta yaya likitan da kuka gayyato don ya yi magana a kan raunin garkuwar jiki zai shafe awa guda bai ambaci wannan ba, kamar babu abin da ke raunana garkuwa a duniya sai sida?

Na sani lissafin ba hukunci ba ne, ishara ce kawai. A ƙasa irin tamu, inda zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta ke ɗaga gulobulin, mutum na iya samun adadi mai kyau alhali yana da matsalar, yara kuma awonsu daban yake da na manya. Haka nan ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari da wasu magungunan farfaɗiya suna iya saukar da shi. To amma idan adadin ya faɗi a jikin wanda ke yawan kwanciya, wajibi ne a bincika, domin akwai magani: ana ƙara wa majinyaci sinadaran garkuwa ta jijiya duk mako uku ko huɗu. Yana da tsada, samunsa a arewa kuma wahala ce da mu muka san ta, sai dai tsadar magani ba hujja ba ce ta barin mutum bai san abin da ke damunsa ba, ana zargin iyalinsa a banza.



Roƙona shi ne ku sake gayyato likita, ku haɗa shi da ma'aikacin ɗakin awon jini, su bayyana wa jama'a da Hausa da Fulatanci layukan da za su duba a takardarsu, kuma a tambaye su dalilin da ya hana ɗakunan awonmu buga wannan ragowa a kan kowace takarda. Ku kuma nemo matar nan ta Marwa, tunda lambarta tana wurinku, ku ce ta tattara tsofaffin takardun maigidanta ta kai wa likita ya yi lissafin.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Garwa.