Wasiƙa Zuwa ga Edita: A Bar wa Jama'a Hanyar Dutse da Rafi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomi da sarakunanmu kan wani abu da ke suɓuce mana sannu a hankali, wato damar da talaka yake da ita ta fita bayan gari ya sha iska, ya hau dutse, ko ya zauna a bakin rafi ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

A hutun da ya wuce na ɗauki 'ya'yana uku zuwa wani ɗan dutse da ke wajen Zariya, wanda muka saba hawa muna yara idan an tashi daga makarantar allo ranar Alhamis. Da muka isa sai muka tarar an zagaye shi da katangar bulo, an ɗora waya mai ƙaya a samanta, maigadi kuma ya shaida mana cewa mai wurin ya hana shiga. Ba a shuka komai a ciki ba, ba a kuma yi gini ba. Abin da ya fi damuna shi ne katangar ta haɗiye turbar da matan ƙauyen ke bi zuwa rafi, ga shi yanzu sai sun yi dogon zagaye da tulu a ka.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gona tana da mai ita, amma ba a taɓa cewa dutse ko bakin kogi ko burtali na wani mutum ɗaya ba ne. Idan kaka ta yi aka kwashe amfani, fili yakan buɗe: mata su yi kala, dabbobi su ci karmami, yara su bazama tsinkar magarya da kanya da ɗinya, samari su tafi wankan rafi. Kowane gari yana da huruminsa wanda dagaci ba ya yarda a yanka wa kowa. Wannan tsari yana da tushe a addini, domin hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a cikin abubuwa uku, ruwa da ciyawa da wuta. Rauninsa ɗaya ne, ba a rubuce yake ba, yana cikin kawunan dattawa ne, shi kuwa dillalin filaye takarda kawai yake dubawa.

Na yi karatu na shekara biyu a birnin Sheffield na Ingila, kuma a can na ga yadda wasu suka warware irin wannan matsala bayan doguwar gwagwarmaya. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan ma'aikatan masana'antu, yawancinsu daga Manchesta da Sheffield, suka haura tudun Kinder Scout da gangan, alhali masu ƙasar sun keɓe shi domin harbin tsuntsaye. Aka yi taho-mu-gama da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar na tsawon wata biyu zuwa shida. Ɗaurin ya ƙara wa maganar ƙarfi. A 1949 majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi su binciko duk hanyoyin ƙafa da jama'a suka saba bi, su zana su a taswirar da kotu ke karɓa a matsayin hujja. A 1951 yankin Peak District, inda tudun yake, ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya. Sai a 2000 aka ba mutane damar yawo a kan tuddai da filayen da ba a nomawa, kuma har yanzu wannan dama ba ta wuce kimanin kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nasu shi ne taswirar nan. Na sha bin turbar da ta ratsa tsakiyar gonar wani, tumakinsa suna kiwo dama da hagu, kuma doka ta hana shi toshe ta. Iyakarsa ya sa 'yar ƙofa ko matakala a jikin shingensa. Ni ma da nawa nauyin: kada in kauce daga turba, kada in bar ƙofa a buɗe, kada in taka shuka. Gonar tana nan a hannun mai ita, ko da ya sayar da ita hanyar tana nan.

Ba ma bukatar sabuwar doka mai tsawo kafin mu fara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, saboda haka yana da ikon gindaya sharaɗi a takardar mallaka cewa a bar tsohuwar hanya yadda aka same ta. Abin da ya rage shi ne a tura masu safiyo su zauna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin makiyaya, su bi turbobin da ƙafarsu, su rubuta su tun dattawan da suka san iyakokin suna raye.

Na san wasu za su ce wa ke maganar shan iska alhali 'yan bindiga sun hana noma a wurare da dama, har dazuka irin na Kamuku a Birnin Gwari sun daɗe da gagarar masu ziyara. Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya kai iyalinsa inda babu tsaro. Sai dai wuraren da nake magana a kansu na bakin gari ne, waɗanda ake zuwa da ƙafa ko da keke, kuma abin da na lura shi ne wurin da mutane suka daina ratsawa shi ne ke zama mafakar 'yan shaye-shaye da ɓata-gari. Wasu kuma za su ce ai ga Yankari da ruwan ɗumi na Wikki. Lebura ko malamin firamare a Zariya ba shi da kuɗin motar zuwa Bauchi da na shiga da na masauki, dutsen bayan unguwarsu shi ne abin da yake iya kai 'ya'yansa. Manomin da ke tsoron a tattake masa shuka ko a cika masa gona da ledar ruwa shi ma yana da hujja, don haka ya kamata dagaci ya samu ikon cin tarar duk wanda ya yi ɓarna, a kuma taƙaita yawo ga turba kawai daga saukar damina har zuwa girbi.

Ina roƙon Gwamnatin Jihar Kaduna da Masarautar Zazzau su fara gwajin wannan aiki da hanyoyin da ke kaiwa Dutsen Kufena da gaɓar kogin Galma da ta Kubanni, a kafa alama a bakin kowace turba, a kuma liƙa kwafin taswirar a ofishin hakimi inda kowa zai iya zuwa ya duba kafin ya sayi fili.

Na gode.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Zariya, Jihar Kaduna.