A bar wa Baƙo gajeren wasalinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina da ɗan ƙorafi kan yadda ake karanta sanarwa a shirye-shiryenku na Hausa. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makarantar boko, na ci alli a lakwal shekaru masu yawa, yanzu kuwa rediyo ce abokiyar hirata.

Makon jiya kuka ba da sanarwar rasuwar wani abokina na Tibiri mai suna Baƙo. Yaron da ya karanta sai ya ja wasalin ƙarshe, ya ce "baƙoo", kamar mai maganar wanda ya sauka a gidan wani. Uwargida tana tankaɗe, ta ɗago kai ta ce, "Malam, baƙon wa kuma Allah ya yi wa cikawa?" Sai da aka ambaci unguwa da sunayen ƴaƴansa sannan ta saki rariya tana salati.

Ban ga laifin yaron sosai ba, takarda ce ta yaudare shi. Yawancin sunayen abubuwa a Hausa da dogon wasali suke ƙarewa, amma in kalmar ta zama sunan mutum sai wasalin ya gajarce, a datse shi da ɗan hamza a maƙogwaro idan an tsaya. Haka Dogo ya bambanta da dogon mutum, Azumi da azumin Ramalana. Babban harafi ido kawai yake yi wa aiki, mai sauraro ba ya ganinsa. Ko ba suna ba, ka saurari "gida" a cikin "gida ya rushe" da kuma "ya tafi gida". Na farko a ja, na biyu a datse. "Ƙasa" da muke nomawa daban, "ƙasa" ta "zauna ƙasa" daban, har karin sautinsu ba ɗaya ba ne.

Bokonmu na yau bai nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bayan taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka, mu a Nijar mun yi zamanin rubuta dogon wasali da harafi biyu, kafin taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutunmu da na Nijeriya. Ba na kukan abin da ya wuce, karatu ya fi sauri yanzu. Amma malaman zaure sun fi mu a nan, domin ajami yana da alif da wawu da ya na nuna ja.

Abin da nake so ma'aikatanku su gane shi ne gaɓar ƙarshe ba ta zama wuri ɗaya. Kullum tana leƙen abin da ke biye da ita. Muna cewa "abin da na saya", "na saye shi", "na sayi doki". Wannan kam rubutu ya kama shi. Amma "na kama shi" da "na kama ɓarawo" fa? Rubutu iri ɗaya, alhali na farko doguwar a ce, na biyu gajera. "Ne" ma ba ta da tsayayyen karin sauti, kishiyar gaɓar da ta gabace ta take ɗauka: a "doki ne" ta hau, a "rago ne" ta sauka. Babu yaron da aka taɓa koya wa wannan a aji, kuma babu wanda yake kuskurensa a wurin wasa. Sai an ɗora masa takarda gaban makirufo.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne wajen n da r na mallaka. Mutumin Maradi ba ya cewa "rigar Bello" da r tana kaɗawa kamar ganga. "Rigab Bello" yake cewa, "hulam malam", "motas sarki". Naso ke nan, baƙin ƙarshe ya narke cikin na gabansa, kuma ko Bakano in ya saki baki yana yin sa. An rubuta "gidan Bello", amma leɓe ya riga ya rufe, "gidam Bello" ake ji. An rubuta "ragon layya", baki kuwa "ragwan layya" yake faɗa. Wasu masu gabatar da shiri sun ɗauka iya Hausa shi ne a furta kowane harafi yadda aka zana shi, har na ji wani yana gyara wa wata tsohuwa da ta bugo waya don ta ce "biyat". Haba! Kakannin da suka baro Katsina suka kafa garin nan ba a takarda suka koyi magana ba. Daidaitacciyar Hausa ƙa'idar rubutu ce da muka yarda da ita don littafin Kano ya karantu a Damagaram, ba bulalar dukan karin harshen mutane ba.

Wani abin sha'awa, Bahaushe bai cika son rufe kalma da baƙi ba, shi ya sa ya ƙara wa kalmomin aro wutsiya: alƙalami da littafi daga Larabci, bokiti daga Ingilishi, jandarma daga Faransanci. Amma in ya zo amsa-kama sai ya rufe bakin kalma gam: fari fat, ja wur, baƙi ƙirin. Da kansa kuma yake yanke wutsiyar wasu, duka ta koma duk, ɗauka ta koma ɗau.

Roƙona kaɗan ne. Duk mai kawo sanarwa a sa shi ya faɗi sunayen da bakinsa, mai karɓa ya yi ɗan alama a kan wasalin ƙarshe. Mai karatu kuma ya karanta takardar a bayyane sau ɗaya kafin a buɗe masa makirufo. Sadakar arba'in ta Baƙo tana tafe, iyalinsa za su sake kawo muku sanarwa, ni da uwargida muna nan kusa da rediyo.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tsohon mushe, unguwar Bagalam, Maradi